Jan Yadin da Marjorie Ta Zaɓa

Litinin, 4 ga Nuwamba

Na je shagon Trudy neman koren yadi mai ganyen Kirsimeti. Wai ya ƙare tun watan Agusta. Agusta! Ina cikin gumi ina tsinkar tumatir, wasu matan suna can suna wawashe yadin Kirsimeti. Trudy har da cewa, "Ai ke ma kin sani, Doreen, kowace shekara sai kin yi wannan faɗan." Na ɗauko wani kore mai barewa. Barewar kamar akuya, amma ya zan yi.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Na gama ɗinka falle takwas cikin sha biyu na bargon bana. Bana ma tsarin na nan: mu mata sha biyu, kowacce ta ɗinka falle sha biyu iri ɗaya, ranar 3 ga Disamba mu haɗu a zauren coci mu yi musaya, kowa ta koma gida da aikin kowa ta haɗa bargonta. Dole kowane falle ya ƙunshi jan yadin da shugabarmu Marjorie ta zaɓa. Jan bai yi mini ba, amma wa ya tambaye ni? Na sa shi babba a tsakiya don in huta da shi.

Talata, 12 ga Nuwamba

Taro. Marjorie ta sake karanta doka: falle inci sha biyu da rabi, wanda ya kauce a mayar wa mai shi, kuma ba ta cikin musayar bana. Tana karantawa tana kallona, don ni na rubuta dokar, ni ce kuma mai awo shekara tara ke nan. Ban yi nadama ba. Wadda ba ta taɓa ƙoƙarin haɗa falle goma sha biyu masu girma iri goma sha biyu ba, ita ce za ta ce na cika tsanani.

Yaya Verna ta miƙo mini nata a leda tun yanzu. "Na riga ki, sarkin awo." Shekara saba'in da takwas, har yau sai ta yi gasa da ni.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Na auna na Yaya. Na sake aunawa. Na canza rula.

Babu ko ɗaya da ya kai. Wani inci sha biyu, wani ma bai kai haka ba. Kuma jan, kusan rabinsa a baibai ta ɗinka shi, bayan yadin ne a waje. Yaya Verna fa! Matar da ta koya mini riƙe almakashi, wadda in ɗinkina ya karkace take farke shi a gabana.

Haushi ya hana ni cin abincin rana. Ban san ma haushin wa nake ji ba.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Na kira ta. Na ce, "Yaya, da wace rula kika yanka?" Ta ce, "Da wadda na yanka miki rigar aure. Akwai magana ne?" Na ce babu.

In na mayar mata, ta fita daga musaya a gaban kowa. Ita kuwa tun da ta daina zuwa waƙar coci, taron Talata ne kaɗai ke fitar da ita daga gida. In na rufe ido na karɓa, Marjorie za ta auna a gida, na san halinta.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Sai dai in farke in sake ɗinkawa. Farin da koren za su yi, jan ne ta yanka shi ƙanana, sai sabo. Na koma wurin Trudy. Babu. Ta duba a kwamfuta, wai masu yin sa sun daina. Ta ciro mini wani ja, "Kusan ɗaya ne." Kusan! Ko daga bakin ƙofa Marjorie za ta gane.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Na tuƙa har birnin Des Moines cikin ƙanƙara, shago uku. Ja kala-kala: mai ƙararrawa, mai tauraro, mai karen da ya sa hula. Namu ne kawai babu. Na dawo da ciwon baya da yadi biyu na wani abin da ba na buƙata.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Jan da ya rage a garin nan, wanda ke tsakiyar nawa fallayen ne. Inci shida-shida. Na lissafa, ya isa.

Ba zan yi ba. Makonni na yi a kansu, kuma ban taɓa fitar da tsinin tauraro a jikin falle kamar na bana ba.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Na farke huɗu daga cikin nawa.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Gobe bikin godiya na shekara-shekara, ko kek ɗin kabewa ban gasa ba. Zare ko'ina a falo, har cikin kofin kofi. Na Yaya saura biyu. Duk wanda ya sake ce mini wannan aikin na hutawa ne, sai na jefe shi da abin guga.

Talata, 3 ga Disamba

An yi musaya. Yaya ce ta ɗauko ni a motarta kamar kullum. Na auna na kowa, nata sha biyu da rabi cif. Marjorie ta ce, "To naki fa, Doreen?" Na ce ban gama ba. Ta ce, "Ayya, doka kuwa doka ce," bakinta har kunne. Na zauna ina raba kofi, mata suna ta ɗaga fallaye suna yabawa. Na ji zafi sosai, ba zan ɓoye ba.

Yaya ba ta ɗaga nata ba. Ta juya ɗaya, ta bi bayan ɗinkin da yatsa, ta ajiye.

A wurin ajiye motoci ta tsaya. "Duk garin nan ke kaɗai ke buɗe bakin ɗinki ki goge shi gida biyu. Tun kina 'yar shekara goma nake hana ki." Na buɗe baki zan yi musu, sai ta danƙa mini makullin motar. "Tuƙa mu. Tun bazara ba na ganin layin titi sosai."

Kuma a haka take ɗauko ni tun bazara.

Juma'a, 6 ga Disamba

Likitan ido ranar 17, ni zan kai ta. Yau a gidanta na yini, ina yanka ina jera mata fuskar yadin sama, tana ɗinkawa da lalube. Ta ce yankana ya cika jinkiri. Ɗinkinta ya ɗan karkace, na gani sarai. Ba ni da lokacin farkewa, shi ya sa na bar shi.