Makullin Ɗakin Sola

Gangaren Tudu, Keffi.
Laraba.

Zuwa ga Sakinatu, Maman Hajo,

Assalamu alaikum. Yaya jego, yaya ƙarfin jiki? Ina fata Hajo tana shan nono sosai, su Inna kuma suna lafiya. Tunda sabis ɗin waya a garinku Agwada ya ƙi mu, ga takarda ta hannun direba.

Raina a ɓace yake. Kin san Sumayya, ɗalibata ta ajin ƙarshe, wadda na damƙa wa makullin ɗakin sola inda kwamfutocinmu suke. Kwanakin nan baturan ɗakin suna mutuwa tun kafin azahar. Shekaranjiya shugaban makaranta, Mista Dogara, ya tsayar da ita a asembili ya ce tana shigar da ƙawayenta su yi cajin wayoyi. Ya karɓe makullin, ya ce zai rufe ɗakin. Ga jarabawar shiga jami'a ta matso, da kwamfuta ake yin ta, yawancin yaran nan kuwa ba su da wani wurin koyo. Mahaifin Sumayya ya ji labari, ya ce ta zauna a gida tunda kunya take jawo masa.

Na nuna wa shugaba wata igiyar wuta da aka maƙala a kan batir, ta bi ta silin zuwa ofishinsa, inda ƙaramin firij ɗinsa yake. Sai ya kira Yosiya mai gyaran wuta. Yosiya ya kama igiyar da na'urarsa mai baki kamar filaya, ta nuna sifiri, shugaba ya dube ni yana murmushi a gaban malamai. Na yi bayani har muryata ta dushe cewa na'urar ta wutar NEPA ce, mai kai da komowa, wutar batir kuwa gefe ɗaya take bi, don haka ko nawa ake ja sifiri za ta nuna. Babu wanda ya saurare ni.

Ki gaida Inna da Baba.

Mijinki,
Ghali.

Gangaren Tudu, Keffi.
Litinin.

Maman Hajo,

Gaisuwa mai yawa. Na ji daɗin saƙonki, kuma na ji cewa in rage zafi. Ina ƙoƙari. Yaya cibiyar Hajo, ta warke?

Ranar Juma'a na roƙi shugaba ya buɗe mini ɗakin in ɗaura mita irin ta batir. A gindin baturan ake ɗaura ta, duk wutar da za ta fita sai ta bi ta cikinta, ita kuma tana tara lissafi. Na haɗa har da igiyar ofishinsa yana kallo. Ya yarda ne don yana ganin zan sake jin kunya. Na kashe kwamfutoci da fitilu, ya kulle da hannunsa, ya sa makullin a aljihu.

Yau da safe ya buɗe, ni da 'yan ajina muna bayansa. Sakinatu, ɗaki a kulle Asabar da Lahadi, babu ɗalibi ko ɗaya a makaranta, amma wutar da ta fita ta fi wadda kwamfutoci ke ci a cikakken yinin karatu. Na sa ɗaya daga cikin yaran ya cire igiyar firij, nan take lambar da ke nuna wutar da ke fita a lokacin ta faɗi zuwa sifiri. Ya mayar, ta tashi. Da kin ga idanun yaran nan! Darasin da na daɗe ina zana musu a allo yau suka gane shi.

Shugaba kuwa cewa ya yi magana ta wuce, in karɓi makulli a ci gaba da aiki. Na ƙi karɓa. A gaban makaranta duka ya ɓata sunan yarinyar, a nan zai gyara shi. Ya tuna mini cewa shi ke sa hannu a takardar aikina. Na ce na sani.

Ki yi mini addu'a.

Naki,
Ghali.

Gangaren Tudu, Keffi.
Alhamis.

Maman Hajo,

Ina gaishe ki, ina kewar ku ku biyun.

Na je wurin mahaifin Sumayya da hoton mitar a wayata. Ya daɗe yana kallo, sannan ya kira ta ya ce ta wanke kayan makarantarta.

Jiya a asembili shugaba ya miƙa mata makullin. Bai ce ta yi haƙuri ba, cewa ya yi an sami kuskure daga na'ura. Ita ta karɓa da hannu biyu, ta wuce kai tsaye ta buɗe ɗakin, 'yan ajinsu suka bi ta. Tunda an cire igiyar firij, baturan sun kai mu har tashi.

Ni kuma an cire ni daga kwamitin kimiyya, an ƙara mini aji. Kafin in bar ɗakin na ɗaure mitar a jikin taga, fuskarta waje, yadda duk mai wucewa zai karanta. Tagar tana kan hanyar ofishin shugaba. Tun jiya ta bayan ajujuwa yake zagayawa.

Zan zo ranar Asabar in Allah ya yarda. Ki sumbaci Hajo a madadina.

Mijinki,
Ghali.