Jan Layi a Sakatar Baba

Hebbronville, Texas
Watan Fabrairu

Zuwa ga Babana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya ƙafar? Ya zama a ƙarƙashin mulkin Gwaggo Chayo? Jiya na buga waya, ta ce ka karɓa, ka kara a kunne, ka ce "babu kowa," ka ajiye. Ni ce, Baba, ina ta zuba ni kaɗai kamar rediyo. Tunda ƙarar bindiga ta cinye maka kunnuwa, mun koma takarda da biro, sai in ga ta inda za ka ce ba ka ji ba.

Shagonka yana nan yadda ka bar shi, sai dai ni ina share shi. Aladen daji sun addabi gonakin dawa bana, kowane manomi ya tuna yana da bindiga a bayan ƙofa, duk sun kwaso sun kawo gyara. Ko zama ba na samu.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Na sa sunana a gasar harbi ta kulob, wadda za a yi a Afrilu. Bindigar da hannuna na haɗa ta, abu ɗaya ne ya tsayar da ni, sakata da gidanta. Gwaggo, na san ke za ki fara buɗe wasiƙar nan, to ƙarfen nan ne da ke kai da komowa a cikin bindiga, ya tura harsashi, ya kulle shi, ya jefar da kwanso. Duk ƙarfin harbi a kansa yake sauka, ga shi kuma dab da fuskar mai harbi.

Aljihuna bai kai ga masu suna ba, sai na yi odar masu arha guda biyu daga wani ƙaramin kamfani. Kada ka yar da takardar tukuna. Ta farko kyakkyawa ce, an yi mata ruwan zinare, sai walƙiya take. Na duba notin nan biyu da ke riƙe ɗan bututun hayaƙi a samanta, na ga ba a danne ƙarfe a kansu ba, ɗan shafa aka yi don ganin ido. Ina murɗawa kaɗan suka biyo ni. Na mayar musu da kayansu.

Ta biyu baƙa ce, mummuna, ba ta da abin kallo. Amma notinta a danne suke tam. Na gwada ta da ma'aunanka na kulle, ta rufe inda ya kamata ta rufe, ta ƙi inda ya kamata ta ƙi. Na fesa mata jan ruwan gwajin nan mai tona tsaga, na bi da farar hoda, ko ɗigon ja bai fito ba. Na kai ta fili na yi ta harbi har kafaɗata ta yi tsami, ba ta yi mini gardama ba.

Rusty Kolacek ya leƙo shago ya gan ta. Ka san shi, zakaran bara, bakinsa ba ya hutawa. Ya ce, "Tencha, wannan a juji kika tsinto ta, ko gyara aka ba ki da kika sayi burodi?" Na ce ya adana yawunsa sai Afrilu.

Ka riƙa shan maganinka ba sai an yi dambe ba. Ina kewarka ƙwarai.

'Yarka,
Tencha

*

Corpus Christi
Watan Fabrairu

Zuwa ga 'yata Hortensia (Tencha),

Na sami takardarki. Ina lafiya. Ƙafar tana nan inda likita ya bar ta. Gwaggonki tana gaishe ki, ta ce ita ba ta buɗe wasiƙar kowa, ta kuma ce abin da kika yi wa mai ruwan zinaren ya yi daidai.

Ban yar da takardar ba, amma sai da na ajiye ta na fita na sha iska. Kin yi gwaji mai kyau, ban musa ba. Sai dai ba ki san irin ƙarfen da suka narka ba, ba ki san yadda suka gasa shi ba. Masu arha ɗaya suke gwadawa a cikin tuli, su rantse a kan sauran. Na taɓa ganin abin da sakata take yi wa fuskar mutum idan ta tarwatse. Ba na son in sake gani, balle a fuskar da ta ɗauko ta mahaifiyarki.

Ki buɗe ƙunshin da ya zo da wannan takarda. Sakatata ce da nake kira Tsohuwa, har da gidanta. Da ita na ɗauki kofin kulob tun kina goye, kuma tun daga lokacin ba ta taɓa ba ni kunya ba. Na taho da ita nan a cikin safa, gwaggonki tana ta mitar warin mai. Kin san al'adar kulob: duk ɗan da zai shiga gasarsa ta farko yana sa wani abu na bindigar mahaifinsa a cikin tasa, alƙali ya tambaye shi a gaban jama'a, ya faɗa. Ban haifi namiji ba, ban kuma taɓa jin na rasa komai ba. Ina so idan aka tambaye ki, ki ce sakatar Eulogio Saldívar ce.

Waccan baƙar ki sa ta a aljihun tebur.

Allah ya tsare ki.

Mahaifinki,
Eulogio Saldívar

*

Hebbronville
Watan Maris

Babana,

Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Gwaggo. Takarda uku na yaga kafin wannan, don haka ka yi haƙuri da rubutun.

Da na buɗe safar na ga Tsohuwa, kuka na yi, ba zan ɓoye maka ba. Warin manka ne a jikinta. Na tuna yadda kake zaunar da ni a kan benci, ƙafafuna suna lilo, kana goge ta kana ba ni labarin gasar. Na ɗauke ta zan sa a bindiga ke nan, hannuna ya ƙi. Kai ka koya mini cewa babu ƙarfen da zai shiga bindiga a shagon nan ba a duba shi ba, ko na limamin coci ne. Sai na wanke ta, na fesa jan ruwa, na goge, na bi da farar hoda. Wallahi don cika ƙa'ida kawai na yi, har ina raira waƙa.

Baba, jan layi ya fito. Siriri ne kamar gashi, ya tashi daga bakin ramin nan na tsakiya, inda ƙarfen ya fi sirantaka. Na ce ƙarya ne, datti ne. Na sake wankewa na sake fesawa, ya dawo wuri ɗaya. Na sa gilashin ƙara gani, sai ga wani ƙarami a gindin ɗaya daga haƙoranta. Tsohuwa ta tsage. Ba laifin kowa ba ne, ta yi aiki ta gaji. Tana iya kai ni ƙarshen gasa, tana iya rabewa biyu a harbin farko, babu wanda zai iya faɗa.

Ba zan sa ta ba. Na san abin da wannan maganar za ta yi maka, kuma ni ma zuciyata ba daɗi. Na san za a tambaye ni a gaban su Rusty, na san abin da kake so a ji. Amma kai ka ce ba ka son ganin fuskata a tarwatse.

Da baƙar zan shiga. Na mayar maka da sakatar a cikin safarta, ban goge hodar ba, ka gani da idonka. Gidanta na riƙe a nan.

Don Allah ka rubuto, ko zagi ne.

'Yarka,
Tencha

*

Corpus Christi
Watan Maris

Tencha 'yar ɗan'uwana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ni ce, gwaggonki. Kada ki zauna jiran takardar tsohon nan, ba ta zuwa yanzu.

Ranar da ƙunshin ya iso muna kan tebur, na yi masa wake da tortiya, gurasar masarar nan. Ya karanta, ya ce, "Yarinyar nan ba ta iya goge ruwan gwaji ba, shi ke nan." Na ce, "Wa ya koya mata?" Ya yi kamar bai ji ba. Kin san kurmancinsa, yana zaɓen abin da zai ji. Ya kwashi ƙarfen ya shige garejina, ya rufe ƙofa.

Tun daga ranar can yake wuni. Ya aike ni kanti sayen wannan jan abin feshin, ya ɓata mini tawul ɗin baƙi da shi. Na leƙa ta taga na gan shi zaune da gilashi a ido, ƙarfen a hannu, bai motsa ba har kofinsa ya huce. Da ya fito na ce, "To, akwai tsagar ko babu?" Ya ce, "Chayo, miyarki gishiri ya yi yawa." Ni kuwa ban yi miya ba ranar.

Ba fushi yake da ke ba, 'yata, ni na san shi tun yana yawo ba wando. An raba shi da shago, an raba shi da mota, abu ɗaya ya rage da yake ganin bai tsufa ba, shi ma kin aiko masa da shi da jan layi. Ki bar shi ya haɗiye. Ke dai ki je ki yi harbinki, ki rufe wa ɗan Kolacek baki, uwarsa ma haka take da surutu tun muna makaranta.

Na kunna miki kyandir a coci. Ki riƙa cin abinci.

Gwaggonki,
Chayo

*

Hebbronville
Watan Afrilu

Babana,

Gaisuwa. Ko ka amsa ko kada ka amsa, wannan kam sai ka karanta. Gwaggo, ki tsaya a kansa.

Na ci, Baba. Kofin yana nan a kan bencinka, ina kallonsa ina rubutu.

Bari in faɗa maka tun daga farko. Da safe aka jera mu, rana ta riga ta fara dukan ƙeya, ana ta gasa nama a bayan rumfa. Tsoho Wendell ne alƙali, ya zo kaina da hularsa, ya ce, "Hortensia Saldívar, gasar farko. Me kika ɗauko na mahaifinki?" Rusty ya ce daga baya, "Taurin kai." Aka kwashe da dariya, har ni.

Na buɗe bindiga na zaro baƙar, na nuna masa ɗan siririn fil ɗin nan da ke tare allurar harbi kada ta zame. Na ce, "Wannan na gidan Tsohuwa ne. Na duba shi, lafiyarsa ƙalau. Sakatar kanta ta tsage, na mayar wa mai ita." Wendell ya duba fil ɗin. Ya ce, "Eulogio ya aiko miki da Tsohuwa, kika duba ta, kika mayar?" Na ce e. Ya gyara hula ya ce, "To ai ba fil kaɗai kika ɗauko ba. Wuce."

Zagayen farko na zubar da maki. Na biyu na dawo hayyacina. Kafin azahar iska ta taso da ƙura, bindigogi suka fara tari, wani yana tsaka da harbi tasa ta cije, ya zauna yana zagi. Baƙar nan kuwa ko a jikinta, tana ta aikinta, kwanso yana faɗuwa wuri ɗaya a damana kamar ana tara shi.

Zagayen ƙarshe ya rage ni da Rusty, a kan farantan ƙarfe na can nesa. Ya harba da kyau, ba zan rage masa ba, ya kuskure ɗaya tak. Na kwanta, na tuna yadda kake cewa in saki rabin numfashi in bar yatsa ya yi abinsa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Da na ji ƙarar farantin ƙarshe, ban tashi ba, na kifa fuska a ƙasa ina dariya, ƙura duk a bakina.

Rusty ya zo ya miƙo hannu. Ya ce, "Wannan jujin da kika tsinto ta, a wace unguwa yake?" Na ce ya kawo duk wadda ya saya shago in duba masa, rabinsu na mayarwa ne. Ya ce zai kawo.

Da na koma gida na sake wanke baƙar na fesa mata ja. Fes take. Na yi murna irin wadda ban taɓa yi ba, amma na yi ta waiwaye a filin nan ina neman hularka. Sunanka yana jikin kofin, can sama. Nawa za a sa a ƙasa.

'Yarka mai ƙaunarka,
Tencha

*

Corpus Christi
Watan Afrilu

Tencha,

Ina gaishe ki. Na karanta, gwaggonki ta sake karanta mini da ƙarfi har maƙwabta suka ji, sannan ta zagaya ta faɗa wa waɗanda ba su ji ba.

Tsagar tana nan. Akwai ta uku ma a bayan haƙorin, wadda na gani sai da na sake fesawa. Na yanka Tsohuwa biyu da zarto don kada wani ya tsince ta bayan raina ya sa a bindiga. Ga rabi na aiko miki, ki ajiye kusa da kofin. Da hannuna na naɗe ta a safa na aika wa 'yata, ban duba ba. Ke kika duba.

Ki aiko mini da irin baƙar nan guda ɗaya, ina so in ga abin da suke yi yanzu. Amma ki fara duba ta kafin ki aiko.

Babanki