Pani Danuta ta ce in ɗaga kare kundina

Pani Renata, don Allah ki taimake ni. Jiya hannuna dumu-dumu da fulawa, uwar ɗakina Pani Danuta (Pani lakabin girmama mace ne a nan) take ce min: “Ke 'yar nan, gaggawar me kike yi? Digirin guduwa zai yi? Ki bari sai kaka mana.”

Ni 'yar Kutaisi ce a Jojiya, ina digiri na biyu a Lublin. Tun zuwana nake naɗa pierogi a shagonta, wato kwaɓin fulawa da ake cusa wa nama ko dankali a dafa. Ta ɗauke ni ko gaisuwa ban iya ba, don ta ga hannuna ya saba da naɗin khinkali, irin namu pierogin, tun daga gida. A ɗakin saman shagon nake kwana. Da na yi zazzaɓi ita ta hawo bene da romon kaza, ga ta da ciwon gwiwa. Kirsimeti a teburinta nake yi. Na faɗi wannan ne don kada ki ɗauka muguwa ce.

An sa min ranar kare kundin digirina a gaban malamai a watan Yuni. Ta ce ranar da na kare na tashi daga ɗaliba, baƙuwar da ba ɗaliba ba kuwa ba ta da izinin aiki, dole ta sallame ni, in bar ɗakin. Wai ɗanta ya bincika. To malamin da ke duba aikina zai yi ritaya ƙarshen zangon nan, in na ɗaga sai na koma hannun wanda bai san ni ba. Mahaifiyata kuma ta gama shelanta ranar ga duk layinmu. Na fara rubuta wa malamin cewa ba ni da lafiya, na goge, na sake rubutawa. Saƙon yana nan ban tura ba.

Mai naɗin pierogi, Lublin

'Yar'uwa, na yarda da romon kazan. Binciken ɗan ne ban yarda da shi ba.

A iya sanina, wanda ya kammala cikakken karatu a jami'ar ƙasar nan ba ya buƙatar izinin aiki. Abin da zai ƙare a ranar daban ne: ɗalibar da ba ta kai shekara ashirin da shida ba, wanda ya ɗauke ta aiki ba ya biyan kuɗin inshora a kanta a irin kwantiragin da ake ba ku. Kina kare kundin, Pani Danuta za ta fara biya. Pani Danuta ce ke dab da rasa wata dama, sai ta ara miki fargabar.

Ban ce ba ta ƙaunarki ba. Ƙaramin shago ne, tsoronta na gaske ne, wataƙila ma ta yarda da abin da ɗan ya faɗa mata. Amma na sha ganin iyayen ɗaki masu son 'yan aikinsu tsakani da Allah, musamman a farashin ɗalibai.

Goge saƙon nan, malamin bai yi miki laifin da za ki yi masa ƙarya ba. Ni ma kada ki dogara da maganata: je ofishin ɗaliban waje na jami'arki ki tambaya, har da batun katin zamanki, tunda don karatu aka ba ki shi, dole a sauya dalilin bayan kin gama. Ki samu ƙawar da za ta sauke ki. Sai kin yi wannan za ki faɗa wa Pani Danuta ranar, ki gayyace ta, ki ce ita za ta zaɓo furen da ake miƙa wa malamai a ranar.

In ta ba ki cikakken kwantiragi, kin samu uwa a Lublin. In ta ce ki kawo makullin ɗakin, ki ba ta, ki yi godiya don ta cancanta, ki ja ƙofar a hankali ki tafi.

Allah ya ba da sa'a a Yuni.

Renata