Shuninka a Jikin Baka

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba Marini,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Na san ba wanda zai karanta maka wannan, Baba, amma akwai labarin da na rasa wanda zan ba, kuma kai kaɗai ne za ka gane shi tun daga tushe.

Har yanzu ina Guangzhou, nan ƙasar Sin, karatu ya kusa ƙarewa. Ranar da Yaya Nura ya bugo ya ce ka rasu, ina tsaye ne cikin jirgin ƙasa a unguwar Tianhe, mutane sun matse ni ta ko'ina. Na yi salati a hankali, na ƙara riƙe ƙarfen da ke gabana. Lokacin babu halin zuwa gida. Ɗalibai 'yan uwana sun bugo waya, 'yan kasuwar Kano da ke unguwar Sanyuanli su ma sun aiko da saƙo, Allah Ya saka musu, amma kowa da abin da ya kawo shi garin nan. Tun daga nan na koyi yawo ni kaɗai bayan sallar Juma'a, don ba na son komawa ɗaki da wuri.

A irin wannan yawon ne, a wani lungu bayan Masallacin Huaisheng, na ga wani tsoho a ƙofar shago yana shafa wa ice launi da tsumma. Yadda ya karkatar da kai yana duban icen ta gefen haske, haka kake yi idan ka ɗago zane daga karofi. Na tsaya ina kallo har matarsa ta fito ta miƙo mini kujera da shayi. Sunansa Ma, Musulmi ne, baka yake yi da hannu, masu wasan harbin kibiya suna saye. Na ce masa Malam Ma, ya yi dariya ya amsa.

Bari in faɗa maka yadda aikin yake, na san da kana nan abin da za ka fara tambaya ke nan. Mariƙin bakan da kawunansa biyu da wani farin ice yake yin su, ana ce masa mapul, daga ƙasashen sanyi ake kawo shi. In ka gan shi haka nan ba za ka ce komai ba. Amma akwai zane a kwance cikin naman icen, kamar ruwan kududdufi idan iska ta bi ta kansa, kuma ba ya fitowa sai an rina. Za a goge da samfefa, a shafa ruwa gashin icen ya tashi, a sake gogewa. A ba shi launi mai duhu ya sha, sannan a kankare sama-sama. Inda ya sha da yawa launin ya zauna, inda ya yi tauri ya fita. A ƙarshe a bi da mai.

Launin ja yake yi, da ruwan ƙasa, da ruwan zuma. Na tambaye shi shuɗi fa? Ya girgiza kai ya ce meyo, wato babu. Wai shuɗin kanti kashe zanen yake yi, ice ya koma kamar roba.

Haka na riƙa zuwa duk Asabar. Sinancina na makaranta ne, nasa na tsofaffi, don haka yawancin zamanmu shiru ne. Ya miƙo samfefa, in karɓa. Wannan shirun ya fi mini surutun ɗakin kwananmu sauƙi.

Sai idanunsa suka fara gazawa. Matarsa ce ta faɗa mini, tana zuba shayi ba tare da ta kalle ni ba, cewa ɗansu zai zo ya tafi da su garinsu na asali, can arewa mai nisa, za a rufe shagon. Saura baka ɗaya Malam Ma zai yi, ba na sayarwa ba. Ya ciro wani guntun mapul da ya daɗe yana ɓoyo, wanda ya fi duk na shagon zane, ya ɗora mini a tafin hannu, ya ce ni zan zaɓi launi.

Baba, ka tuna ƙwallayen shunin da ka ƙulle mini a leda ranar da zan taho? Ka ce in riƙe, ko ba komai in na buɗe zan ji ƙanshin gida. Bayan rasuwarka ban iya buɗe ledar ba. Ranar da ya ba ni icen, na koma ɗaki na ciro ta daga ƙasan akwati.

A bokitin roba na haɗa, a bayan shagon. Matar Malam Ma ta samo mini toka a wurin wani mai gasa dankali. Haɗin farko ya lalace. Zafin garin nan mai danshi ne, ba irin namu ba, ruwan ya ruɓe ya yi wari har maƙwabta suka leƙo. Rabin shuninka ya tafi a banza. Na bugo wa Yaya Nura in tambaye shi, ya ce shi bai taɓa tsayawa ya koya ba, kuma karofinka an rufe bakinsa da kwano, ba wanda ya sake zuba masa ruwa. Na ajiye wayar.

Ba ni da wanda zan tambaya sai abin da na gani da idona. Mata ba sa aikin marina, amma ni nake kai maka abinci, kuma ba ka taɓa kora ta ba. Na tuna yadda kake juya ruwan a hankali, kana sunsuna shi, kana duban kumfa. Na tuna ka ce mini, "Ki daina leƙa shi kullum, Hadiza. In ya tashi za ki gani a kumfarsa." Na rage toka, na mayar da bokitin inuwa, na rufe, na ƙyale shi. Da na buɗe bayan kwanaki, sai ga kumfa mai ƙyalli a sama, da wannan warin da Inna ke cewa ka wanke kafin ka shigo mata ɗaki.

Ranar rinin ta zo. Ice ɗaya ne, shuni kuma shi ke nan, in ya ɓaci ba gyara. Na tsoma, na ɗago, ya fito kore kamar gansakuka. Malam Ma ya kawo fuskarsa kusa, ya duba, ya koma ya zauna. Na san a ransa ya gama sallama icen. Na yi masa alama da hannu ya dakata, na ɗaga icen sama ya sha iska. A gabanmu koren ya fara juyawa, daga gefe zuwa tsakiya, har ya zama shuɗi. Tsohon ya miƙe tsaye.

Na yi ta tsomawa ina ɗagowa har ya yi duhu. Da ya bushe, Malam Ma ne ya kankare da kansa, yana bin icen da yatsa tunda ido ya ƙi. Da aka shafa mai, Baba, sai zanen ya taso. Layi mai duhu, layi mai haske, in ka karkata shi su motsa, kamar turkuɗin da ya fito daga mabuga. Ya kai shi bakin taga ya daɗe yana juyawa.

Sannan ya tambaye ni wa ya koya mini. Na ce mahaifina ne, shunin ma nasa ne, kuma ya rasu ina nan ban je ba. Sai ya ajiye icen, ya gyara hularsa, ya ɗaga hannu. Matarsa ta fito daga ciki ita ma ta ɗaga. Fatiha ya karanta maka, da harshensa mai nauyi, yana jan ayoyin. A nan na yi kukan da ban samu wurin yi ba.

Masu yin baka suna rubuta sunansu a ciki, daidai ƙasan mariƙi. Da ya harhaɗa bakan ya gama rubuta nasa, sai ya miƙo mini alƙalamin ya ce, "Mutum biyu suka yi wannan. Rubuta mai launin." Na rubuta sunanka da ajami. Ya ɗauko gilashin ƙara gani, ya bi baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, irin karatun da ya koya a allo yana yaro, har ya furta da bakinsa: Garba.

Sun tafi. Na raka su tashar jirgi, bakan yana naɗe cikin zane a kafaɗar ɗansa. Yanzu sunanka yana wani gari mai ƙanƙara da ban taɓa zuwa ba, rataye a bangon mutumin da ya yi maka addu'a bai taɓa ganinka ba.

Allah Ya jiƙanka, Baba. Ya haskaka kabarinka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sa wahalar da ka sha a kanmu ta zama nauyi a mizaninka. Ya ba Malam Ma lafiyar ido, Ya kuma dawo da ni gaban Inna lafiya. Amin.

'Yarka mai kewarka,
Hadiza