Tsohon da Bai Yi Zarya Ba

Litinin, 6 ga Oktoba

Na fara aiki yau. Aiki wai. Ni da na baro shago mai kekunan ɗinki a jere, amare na bin layi a ƙofata, yau ni ce aka ajiye a ƙuryar shagon wanki da guga, tsakanin injin busar da kaya da ƙofar banɗaki, ina rage ƙafar wando. Mai shagon doguwa ce busasshiya, agogo a hannu, agogo a bango, tana yi maka magana tana satar kallonsu. Na sa mata Uwar Agogo. Ta ce gwaji za ta yi mini tukuna, in ta ga hannuna ya yi mata sai ta riƙe ni. Matar da ko zare ba ta iya zurawa a allura!

Na dai danne. Tun da na biyo maigidana ƙasar nan nake zaune a ɗakin can na sama, shi ya fita da motar kai kaya, ni in wuni ina kallon bangon maƙwabta. Har magana na fara yi da firji. In aikin nan ya kuɓuce mini, can zan koma, kuma na san haukacewa zan yi.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Mutanen garin nan ba su san sutura ba. Daga baƙi sai ruwan toka, kamar kullum zaman makoki suke. Yadin kuma kamar leda, ka ɗora dutsen guga ya nemi narkewa.

Wata budurwa ta kawo wando a rage mata ƙugu. Na ga ya yage a gwiwa biyu, tausayi ya kama ni, na ɗinke mata tsaf. Da ta zo karɓa sai kuka, wai a haka ta saye shi. Uwar Agogo ta ba ta haƙuri, ni kuma ta sa ni na farke. A sayi tsumma da gangan. To.

Talata, 14 ga Oktoba

Ruwa. Iska ta karya mini lema a bakin titi, mutane na ta wucewa, ko mai cewa sannu babu.

Asabar, 18 ga Oktoba

Duk kayan da aka kawo sai Uwar Agogo ta maƙala masa 'yar takarda mai ɗauke da ranar karɓa, sai ka ce ranar saukar da ita aka yi daga sama. Ita ce za ta koya mini ɗinki?

Tela ba ya cewa a'a, wannan shi ne farkon abin da mai koya mini ta dasa mini a kai. Ka karɓi aiki, ka faɗi rana don hankalin mai kaya ya kwanta. Bayan nan sai ka zuba ido. Mai sauri na gaskiya ba ya ɓuya: zai dawo, ya aiko, ya zauna maka a benci, ya yi magiya, ya yi zagi. Shi kake fara sallama. Wanda ya ajiye kaya ya yi shiru kuwa, shi da kansa ya gaya maka ba ya gaggawa. A haka na aurar da rabin 'yan matan unguwarmu, kuma babu wadda ta je gidan miji tsirara.

Na yi wa Mai Guga, wanda ke goge kaya a shagon, wannan bayanin da guntun yaren nasu da na iya. Shi ma baƙo ne, daga wata ƙasar, amma ya daɗe har ya rikiɗe, gaisuwarsa ɗaga gira. Ya saurare ni, ya ce nan ba haka ake yi ba. Kowa ya kwana biyu a garin nan sai ya zama malami.

Laraba, 22 ga Oktoba

Yau dai na taɓa yadi na gaske. Wani tsoho ne ya shigo da sanda, rungume da kwat a cikin jaka. Ulu mai nauyi, shuɗi mai duhu, shafin ciki da hannu aka yi shi. Duk wanda ya ɗinka ta ya san abin da yake yi, Allah ya jiƙan hannun nan ko na waye. Tsohon ya zube, kwat ɗin ta yi masa yawa ta ko'ina, kafaɗa na neman gwiwar hannu. Na gwada shi, na sa alli. Ya ce Juma'ar mako mai zuwa da safe yake so. Na ce ba komai.

Tsoho kamar wannan, a ce ba ɗa ba jika da zai aika, shi ke jan ƙafa a kan titi da kayansa. Haka suke yi da iyayensu, kuma su ne masu wayewa.

Litinin, 27 ga Oktoba

Na farke kwat ɗin, na cire hannuwa da shafi, sai ga wata mata da ta kawo tulin labule makon jiya. Tana riƙe da ɗan kare, karen ma an sa masa riga. Baki gare ta kamar rediyo. Tun Juma'a take zarya, ta leƙo da safe ta leƙo da yamma, tana buga kantar shago da zobe. Ka ji wadda ta san yadda ake zama da tela. Na tura kwat gefe na hau labule.

Laraba, 29 ga Oktoba

Mai Kare ta ƙaro rigunan kujera. Tsoho ko ƙeyarsa ban gani ba, ashe dai ba sauri yake ba. Mai Guga ya nuna mini kwat ɗin da haɓa sau biyu. Na ce ya ji da tururinsa.

Juma'a, 31 ga Oktoba

Ana buɗe shago ya shigo. Farar riga an goge, ɗamarar wuya, takalmi na sheƙi, an yi aski. Ba komai a saman rigar duk sanyin nan, don a nan ya yi niyyar sa kwat ɗin ya wuce. Motar haya na jiransa a waje.

Kwat kuwa tana cikin kwando, hannu daban, gaba daban, shafi daban.

Na gyara tsayuwa, na shirya. Na san yadda ake yi: ya yi faɗa, in rantse, ya kira ni maƙaryaciya, in ce wuta ce aka ɗauke ko zare ya yanke, a yi dariya, in zaunar da shi in haɗa masa a gabansa. Har na jawo masa kujera. Na ce ya ba ni zuwa azahar.

Bai zauna ba. Ya dubi kwandon, ya ɗauki hannu ɗaya na kwat ɗin ya juya shi, ya mayar a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Ya ce da hantsi za a ɗaura auren jikarsa, a wani gari. Shi ke nan abin da ya faɗa. Ya yi wa Uwar Agogo sallama, ni ma ya ɗan rusuna mini, ya fita da farar rigarsa.

Uwar Agogo ta yi fari fat, ta shige ofis ta rufo ƙofa. Mai Guga ya yi ta guga bai ɗago ba.

Bikin jika guda, kuma ka kasa zuwa ka tuna wa tela ko sau ɗaya? Laifin wa?

Asabar, 1 ga Nuwamba

Na kira ƙanwata na ba ta labari. Ta ce, "Yaya, ai shi ya so. Mai biki ya kwanta a gida?" Muka yi ta dariya. Da na ajiye wayar sai na ji dariyar ba ta kai mini ciki ba.

Maigidana ya ce in fara shirin komawa hira da firji. Yana ganin abin wasa ne. Abincinsa ma a tukunya na bar masa.

Da tsohon nan zagina ya yi da tuni na manta. Mutanen da ko faɗa ba su iya ba.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Uwar Agogo ta kira ni ofis. Ba ihu, ba nuna yatsa, murya kamar mai karanta labarai. Ta ce in aka sake, ko a kan maɓalli ɗaya ne, in ɗauki almakashina. Ta ce tsohon tun zamanin mahaifinta yake kawo kaya shagon, kuma bai kira ya yi ƙorafi ba, bai kuma aiko a karɓi kwat ɗin ba. Na ce to.

Na haɗa kwat ɗin. Ba don ita ba. Yadin ne bai cancanci zaman kwando ba. Na mayar da shafin da hannu, ɗinki a kan ɗinkin mai shi na farko, har ramukan allurarsa na bi. Mai Kare ta zo tana buga kantar, na ce ta jira.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Uwar Agogo ta juya kwat ɗin ciki waje, ta daɗe tana dubawa, ta miƙo mini ta koma kan aikinta. Yabo a bakinsu kamar cire haƙori.

Mai Guga ya kwatanta mini gidan tsohon, a saman kantin magani. Na kai da kaina bayan an tashi. Ɗaki fes, kujera biyu, ɗaya da alama an daɗe ba a zauna a kanta ba. Ya sa kwat ɗin a gaban madubi, ta zauna masa ɗas kamar a jikinsa aka saƙa ta. Ya shafa kafaɗar, ya ce da ita aka ɗaura aurensa da marigayiya, shi ya sa jikar ta roƙe shi ya sa ta ranar nata.

Ya nuna mini hoton bikin. Sai da na nema kafin na gan shi, can baya, ya laɓe a bayan wata mai ƙatuwar hula. Kwat ɗin direban motar hayar ya ara, hannun ya tsaya masa a rabin dantse.

Na kasa riƙewa. Na ce, "Baba, me ya hana ka zuwa ka duba? Ko sau ɗaya ka leƙo, wallahi da na gama maka."

Ya dube ni kamar bai gane ba. Ya ce, "Ai kin ce Juma'a. In na zo dubawa, kamar na ce ban yarda da maganarki ba ne. Ban so in raina ki."

Ya haɗa mini shayi, ruwa-ruwa irin nasu, ba madara ba daɗi. Na shanye.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Ban da abin rubutawa. Sanyi. Na gama kayan Litinin.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Uwar Agogo ta sa an fito da kekena gaban shago, jikin gilashi, ta ce daga yanzu nan ne wurina. Talla take yi da ni, na sani, masu wucewa su ga baƙuwa na ɗinki. Haske dai ya fi na ƙurya.

Da rana sai ga Hajiya, matar abokin maigidana, 'yar garinmu. Muka gaisa gaisuwa ta mutane, ta tambayi kowa har kajin gidanmu, Mai Guga na ta kallonmu baki buɗe. Ta fito da leshi, mai nauyi, mai duwatsu, ƙamshin turaren gida na tashi daga cikinsa, sai da idona ya kawo ruwa. Suna za ta je jibi Asabar. Uwar Agogo ta ce in ina so in karɓa.

Na duba abin da ke gabana, na ce ba zai samu ba, sai Laraba.

Hajiya ta yi dariya ta dafa ni. "Haba ƙawata, karɓi mana. Ni ai na san halinku, gobe zan zo in zauna miki."

Na ce ko ta kwana a nan ba zai samu ba, akwai na mutane a gaba.

Ta ja baya ta ƙare mini kallo. Ta ce, "Lallai. Kin zama 'yar gari."

Ƙarya take. Ni da ko gaisuwarsu ban ɗauka gaisuwa ba. Aiki ne kawai ya yi yawa.

Ta dai bar leshin, ta ce za ta sa wani a sunan, wannan na bikin gaba ne. Har ta kai ƙofa ta juyo, wai za ta leƙo ran Litinin ta ga inda aka kwana. Tun ɗazu maganar ke cina, ban san dalili ba. Na ce mata Laraba. Me za ta zo nema ran Litinin?