Faifan da Muryar Inna ke Ciki

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, da yara da ɗawainiyar makaranta.

Maganar faifan CD mai muryar Inna ce. Ka ɗauke shi ka ce za ka kwafa a kwamfuta ka dawo da shi kafin mako ya zagayo, ga shi wata ya kusa mutuwa. Ka san tun da Inna ta rasu, idon Baba kuma ya tafi, ba ya shan magani sai na kunna masa wurin da take dariya tana cewa, "Malam, ka sha maganinka kuwa?" Yanzu ko cokalin magani na kai masa, kawar da kai yake yi. Ƙafafunsa sun fara kumbura. Don Allah ka aiko da shi, ko ba ka kwafa ba.

Ƙanwarka,
Auta

Wa alaikumus salam Auta,

Na ga takardarki. Allah ya ba Baba lafiya.

Ina so ki fahimci abin da ya faru a tsanake. Tsohuwar rediyon Baba a hankali take juya faifai, bai wuce zagaye ɗari biyar a minti. Kwamfuta kuwa tana kai shi dubu goma. Idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin da ke fizgar faifan waje ninkawa huɗu yake yi, kuma bakin ramin tsakiya ne ya fi shan wahala. To a nan akwai 'yar tsaga, saboda yawan cirewa da sakawa. Na gan ta, na ɗauka za ta jure. Ina sakawa na ji ƙara, faifan ya tarwatse a ciki.

Ga ɓallin da ya fi girma na saka miki a ambulan. Ki lallaɓa Baba.

Yayanki

Yaya,

Gaisuwa, tunda haka aka koya mana.

Na karanta darasinka, na gode. Sau biyu na bi shi ina neman "ki yi haƙuri", ban samu ba. "Saboda yawan cirewa da sakawa", wato laifina ne ke nan, ni da nake wanke Baba ina ba shi abinci. Kai da kake koya wa 'ya'yan mutane wannan lissafin kowace shekara, ka ga tsaga da idonka, ka danna.

Na kai ɓallin wurin mai gyaran rediyo. Ya ɗaga shi a haske ya ce faifai daga tsakiya yake fara ɗaukar magana, wannan kuwa gefe ne, fanko. Ko tarin Inna babu a ciki. Na yi kuka a shagon mutane, kuma na ji haushinka har cikin raina.

Ban faɗa wa Baba ba. Ba ni na fasa ba.

Auta

Yaya,

Ba ka amsa ba, to ga labari.

Jiya na danna rediyon ba komai a ciki, na koma bayan kujerarsa na yi muryar Inna: "Malam, ka sha maganinka kuwa?" Ya miƙa hannu, ya karɓi maganin ya shanye. Sai ya ce, "Auta, ita dariya take yi kafin ta tambaya."

Na gwada yau da safe. Dariyar ta ƙi fita.

Ka huta lafiya.

Auta