Durukar Baba Ta Nuna Ba Shi

Sigatoka, 2 ga Yuni

Zuwa ga Yaya Sakiusa,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana cikin ƙoshin lafiya a can Hastings, kai da abokan aikinka na gonar tuffa. Allah ya tsare ka daga sanyin ƙasar, ya sa ka gama lafiya. Mu nan muna nan. Mama tana cin abinci kaɗan-kaɗan, ta koma zuwa coci. Mun yi taron kwana ɗari na rasuwar Baba ranar Asabar, mutane sun zo sun tafi. Kowa ya san aiki ne ya riƙe ka, ba wanda ya ce komai.

Maganar gona ce ta sa na rubuto. Duruka, furen nan na cikin kara da ake dafawa a ci, ta nuna a Afrilu kamar kullum. Shalendra, babban kukun otal ɗin bakin teku da Baba yake kai wa kaya shekara goma sha huɗu, ya kira wayar Baba, ni na ɗauka. Bai ji labari ba. Yana dariya ya ce in ba shi tsohon nan mai taurin kai da ba ya yanka kara sai ranar da ya ga dama, baƙi sun dame shi da tambaya. Na faɗa masa. Ya ce zai cire duruka daga jerin abincinsu na bana. Na ce kada ya cire, mako shida kawai take yi, kuma ba ta san makoki ba.

Ni na shiga na yanka. Ɗaurin farko rabinsa bai ƙosa ba, da aka ɓare sai ɓawo. Shalendra bai yi faɗa ba. Ya tsaya da ni a ƙofar kicin ya nuna mini yadda ake matsa kan karan a ji ko ya cika, ya ce Baba ne ya koya masa. Ni da na girma a gonar, a bakin baƙo na ji. Na tsaya ina jiran in yi kuka, bai zo ba. Na ɗauki buhunana na hau bas.

Yanzu lokacinta ya wuce. Mai otal yana son amsa kafin ƙarshen wata, ko za mu kawo baɗi ko su nemi wasu manoma. Shalendra ya ce ya riƙe mana gurbin iya ƙarfinsa. Kawu Epeli kuma yana so ya sare karan ya shuka rogo, ya ce rogo ba ya jiran kuku. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, Yaya. Idan za ka dawo, zan riƙe gonar har ka iso. Idan ba za ka dawo ba, ka faɗa mini kai tsaye, ba zan ji haushi ba. Na duba zuciyata in ga wanne nake so, ban tarar da komai ba.

Mama ta dafa ɗaurin ƙarshe da madarar kwakwa. Na cinye rabona. Sun ce ta yi daɗi.

Mama tana gaishe ka, da Goggo Miriama da Kawu Epeli. Ka gaida Viliame idan kuna tare.

Ƙanwarka,
Litiana